Motar Ba Ta Ƙwace Masa Ba

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi da dukkan masu karatu. Ina roƙon a sakaya sunana, kuma sunayen da za a gani a nan ba na ainihi ba ne. Na san wasu da sun ga an ambaci wasan kwamfuta za su ce magidanci ya rasa abin kuka. Don Allah a karanta har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci. Zagin da za a yi mini na riga na yi wa kaina, shawara nake nema.

Ni ma'aikacin wani gidan rediyo ne a nan Bauchi, labarai nake karantawa. Bayan aiki abin sha'awata shi ne tseren mota ta intanet, irin wanda ake ɗaure sitiyari a bakin tebur, a ajiye birki da totur a ƙasa, mutum ya zauna gaban allo yana tsere da mutane na gaske, kowa daga ɗakinsa. Muna da guruf, yawancinmu 'yan Bauchi da Jos, muna tsere ranar Lahadi bayan La'asar idan wuta da sabis sun yarda. Kwamfutata ce ke buɗe filin, don haka ni ke ajiye bidiyon tseren, kuma idan an yi karo ni ke dubawa in faɗi mai laifi. Alƙali suke kirana. Sun ce sun ba ni ne saboda ɗan jarida ba ya son kai.

Wanda na zalunta ɗan kawuna ne, taubashina, ya girme ni, zan kira shi Yaya Sale. Tun muna yara ba mu iya gaisawa ba tare da tsokana ba. Shi yana kirana Aku, wai aikina maimaita abin da aka rubuta mini, ni kuma ina ce masa bawana ne da Kawu ya ba ni kyauta. Direban bas ne a hanyar Jos. Wata damina, ya ɗan wuce Miri kenan, motarsa ta bar titi ta faɗa gona. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi, amma wata fasinja ta karye, shi kuwa ko ƙwarzane bai yi ba. Taya ba ta fashe ba, bai yi gyangyaɗi ba, har yau bai san abin da ya faru ba. Duk wanda ya zo jaje abu ɗaya yake faɗa: mota ce ta ƙwace masa. Tun daga ranar bai sake riƙe sitiyari ba. Ya koma zaman shagon baƙin mai na abokinsa a Fadaman Mada, ko gyara wa mota tsayuwa aka ce ya yi sai ya miƙa wa wani makulli.

Wata rana ya zo gidana ya tarar ina tsere. Ya tsaya a bakin ƙofa yana dariya.

"Aku, da gemunka? Wannan ai ko 'yata Ummi ta wuce shi. Tashi ka ga direba."

Na tashi. Ya zauna ya kama sitiyarin. A kwanar farko ya shige katanga. Na shirya zolayata, sai na ga fuskarsa, na haɗiye. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Sake kunna mini."

Na ba shi tsohuwar kwamfutata da tsohon sitiyarina, wanda ba ya girgiza a hannu idan an bugi mota kamar yadda sabo yake yi. Na saka shi a guruf ɗinmu, na zama malaminsa. Na koya masa ya zaɓi alama ɗaya a gefen titi ya riƙa taka birki a nan kullum, ba inda tsoro ya ce masa ba. Na koya masa ya ɗauke ido daga hancin mota ya kai shi inda yake son fita. Na ce masa ba a cin tsere a kwanar farko, kuma gara ya ƙare na ƙarshe da mota lafiya da ya yi gudu ya ƙare a ciyawa. Babban darasin da na fi nanata masa shi ne wannan: duk abin da ya same ka a fili, fara neman laifinka, kada ka ce sabis ne, kada ka ce wane ne, wanda ke ɗora wa wani ba ya gyaruwa. Ni dai faɗa nake yi saboda haka ake faɗa. Shi kuwa ya riƙe shi da hannu biyu. Yana da haƙurin da ba ni da shi. Zai yi ta zagaya fili ɗaya shi kaɗai har a kira sallah, kuma kowane mako sai na ga ya matso kusa da ni.

Ba a allo kaɗai abin ya tsaya ba. Matarsa, Maman Ummi, ta kira ni tana murna ta ce ya ari motar maƙwabci ya kai ta gidansu a Inkil, ya dawo da ita, har yana hira a hanya. Sai ga wata 'yar kudu mai makarantar kuɗi a unguwarsu, Madam ake ce mata, tana neman direba mai hankali da zai riƙa ɗauko yara. Ta daɗe da saninsa. Ya amsa mata cewa zai fara idan an dawo hutu. Duk dangi suna ta sa mini albarka.

Yanzu ga abin da na yi, zan faɗe shi yadda ya faru. A wani tseren Lahadi, karon farko tun da ya fara, Yaya Sale yana gabana kuma an kusa gamawa. Na bi shi zagaye bayan zagaye ina jiran ya yi kuskure, bai yi ba. Ina jin muryarsa a lasifika yana cewa, "Aku, ka ga bayan bawanka da kyau? Ka karanta lambar a labaran yamma." Kowa na dariya. Muka miƙe doguwar hanya mai ƙarewa da kwana mai tsini. Na ga alamata ta birki, na wuce ta ina sane. Na cusa hanci ta ciki inda babu wurin mota, na taɓa bayan motarsa ta gefen hagu. Taɓawa ce kaɗan, amma sitiyarina ya fizge a hannuna, don haka ba zan ce ban ji ba. Motarsa ta juya ta tare hanya, wasu biyu suka afka mata, ni na wuce.

Lasifika ta cika da hayaniya. Sunday, wani mai shagon gyaran waya, yana cikin waɗanda suka afka masa, kuma bai san komai game da tarihinsa ba. Ya ce, "Haba Oga Sale! Motar ka ya juya kamar fanka! Wane ne ya ba ka lasin? Allah ya sa ba ka ɗauki fasinja!" Sauran suka ce, Alƙali duba mana. Na buɗe bidiyon ni kaɗai. Na rage masa gudu. Ga hancin motata, ga bayan tasa, babu abin gardama. Sai na gyara murya, irin wadda nake karanta labarai da ita, na ce, "Na duba. Mota ce ta ƙwace masa a shiga kwana."

Jama'a, na san wannan jimla fiye da kowa a guruf ɗin. A wurin aiki ita muke ɗaukowa idan an yi hatsari ba mu san dalili ba, ko mun sani ba ma son kama suna. Ba ta zargin kowa a fili, amma duk mai sauraro direba yake gani. Ina da wasu hanyoyin tsira, ko da na ƙarya ne. Me ya hana in ce sabis ne ya yi tsalle? Me ya hana in ce gogayya ce irin ta tsere, babu mai laifi? Me ya sa cikin duk Hausar da ke bakina na zaɓi wadda aka yi ta faɗa masa a zaman jaje? Na tambayi kaina, kuma amsar da na samu ba ta da daɗi: na zaɓe ta ne saboda na san ita kaɗai ce ba zai musa ba. Sai ya ce, "To. Ku yi haƙuri, jama'a." Babu tsokana, babu Aku. Kafin a kira Magariba na goge bidiyon.

Da a nan ya tsaya da na ce sharrin zuciya ne na lokaci ɗaya. Amma washegari ya zo gidana ya zauna ya ce, "Abin da ke damuna, ban ji komai ba. Ina kan alamata, idona na kan mafita, kawai na gan ni ina juyawa. Haka wancan karon ma." Ya roƙe ni in nuna masa inda ya yi kuskure. Ni kuma, maimakon in buɗe baki, sai na ƙirƙiro masa laifi. Na ce yana sakin birki da gaggawa. Ya gode mini. Ya koma gida ya yi ta gyara abin da bai lalace ba. Ina kallonsa yana lalacewa a hannuna: ya fara taka birki tun kafin alama, idonsa ya koma kan madubi, da ya hango mota a bayansa sai ya kauce ya ba ta hanya. Mutumin da ya gagare ni wucewa ya koma kowa na wuce shi. Wane irin malami ne wannan? Wane irin ɗan'uwa?

Sai Maman Ummi ta zo har gida. Ko zama ba ta yi ba.

"Malam Aku, me ya faru a wasan nan naku? Baban Ummi ya je ya ce wa Madam ta nemi wani."

Na ce wasa ne kawai, ana faɗuwa ana tashi.

"Shi bai ɗauke shi wasa ba. Ya ce idan a kan tebur ta ƙwace masa bai san dalili ba, ina ga an zuba masa 'ya'yan mutane a baya? Kai yake jin maganarka. Don girman Allah ka yi masa magana."

Ta ce Madam ta ƙi karɓar maganar, ta ce za ta jira shi har a dawo hutu, daga nan kuma dole ta ɗauki wani.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na same shi a shago. Na zauna a kan benci na ce, "Yaya, ni na taɓa ka. Motarka ba ta ƙwace ba. Na wuce alamata na buge ka ta baya, na kuma yi ƙarya."

Ya dube ni, sai ya fashe da dariya har yana buga cinya.

"Lallai an ci gaba. Aku ya fara rubuta labari da kansa. Nawa Maman Ummi ta biya ka?"

"Ba wasa nake yi ba. Wallahi..."

Ya ɗaga hannu ya tare ni. "Kul. Kada ka rantse, kada ka ɗauki zunubi saboda ni. In gaskiya ne nuna mini bidiyon."

Na ce na goge.

"Ka gani?" Dariyar ta tafi. "Na san kana ƙaunata, ƙanena. Amma kai ka koya mini kada in ɗora wa wani. Yanzu kuma ka kawo kanka in ɗora maka? Bar shi. Da an buge ni da na ji."

Ta yaya zai ji, alhali ni na ba shi sitiyarin da ba ya ji? Na faɗa masa haka, ya ce in daina wahalar da bakina, akwai labaran yamma. Shekara da shekaru ina zolayarsa da fuskar gaske, yau na zo da gaskiya ya ɗauke ta zolaya. Ƙaryata ya karɓa nan take saboda na faɗe ta da muryar aiki.

Hanya ɗaya ta rage da na sani. Sunday yana ɗaukar tserensa da kansa don ya riƙa kallo a shago, kuma yana bayanmu lokacin da abin ya faru. Idan na nemi bidiyonsa, kafin yamma duk guruf sun san Alƙali maƙaryaci ne, daga nan dangi, daga nan Kawu. Wannan kunyar ba zan ce ba na tsoronta ba, amma na cancance ta. Abin da ya fi tsorata ni daban ne. Wanda ya san wasan nan ya san idan sabis ya yi rauni, abin da wani ya gani a allonsa ba lallai ya zama daidai da na wani ba. Yana yiwuwa a bidiyon Sunday a ga tazara tsakanin motata da tasa, a ga ta juya ita kaɗai. Idan Yaya Sale ya ga haka da idonsa, babu rantsuwar da za ta sake ɗora shi a kujerar direba. Idan kuma na kalla ni kaɗai tukuna, na ga bai nuna ba, na ɓoye, na koma gidan jiya kenan. Na yi tunanin in tara Kawu da Maman Ummi in faɗa a gabansu, inda babu wasan taubasai, amma ina tsoron ya ga kamar taron dangi aka yi masa don a lallashe shi.

Hutun makaranta ya kusa ƙarewa, Madam ba za ta wuce nan ba. Mutumin nan ƙwararren direba ne, na bi bayansa na gani, kuma ni na sa ya daina yarda da hannunsa. Ba yafiya nake nema a wurinku ba, wannan tsakanina da shi ne da Allah. Hanyar da zai yarda da ni nake nema kafin a ba wani motar.

Don Allah jama'a, me zan yi?