Leda a Kan Daɓen Baba

Litinin, 10 ga Yuli

Baba ya tsallake. Likita ya ce ciwon huhun ya lafa, sun fitar da shi daga ɗakin masu tsananin ciwo. Na fito na zauna a mota na yi kuka son raina, sannan na cinye burodin da ya kwana biyu a jakata. Na gode Allah.

Sai dai da sauran rina. Wata guda zai yi a sashen da ake koya wa mutum tafiya, daga nan ko gida ko gidan tsofaffi. Ɗakin da yake haya a bene na biyu kam ya yi ban kwana da shi. Gidana kuma, wato gidan da shi ya gina ya bar mini bayan rasuwar Mama, matakala goma sha ɗaya ce daga titi zuwa ƙofa. Mai keken marasa lafiya da tukunyar iska ba zai hau ba. Ɗakin ƙasa ne kawai ke da ƙofa da ke buɗewa kai tsaye zuwa bayan gida.

Talata, 11 ga Yuli

Na sauka ɗakin ƙasa da niyyar aune-aune, warin ya mare ni tun daga matakala. Na ɗaga gefen kafet, ƙasansa baƙi ƙirin da funfuna. Shekara nawa ina taka wannan abu ban sani ba.

Nas Tisdale, wadda ke kula da sallamar marasa lafiya, za ta zo duba ɗakin ranar 9 ga Agusta. Ba ta ɓoye mini ba. Ta ce in ta ji warin danshi ba za ta sa hannu ba, don huhun Baba ba zai ɗauka ba.

Yaya Burl ya kira daga Arizona. Wai in daina wahalar da kaina, ya ga wani gidan tsofaffi mai kyau a hoto. A hoto! Mutumin da rabonsa da garinmu Louisville tun jana'izar Mama. Na ce masa Baba gida zai dawo, na kashe wayar. Ban ma yanke shawara ba kafin ya kira, haushinsa ne ya yanke mini.

Alhamis, 13 ga Yuli

Na yaye kafet ɗin duka, bayana kamar ba nawa ba. Daɓen simintin yana nan da tsohon jan fentinsa yana ta ɓarewa, yana naso kamar goshin mai zazzaɓi. Na wanke, na goge, na buɗe tagogin ɗakin guda uku kamar kullum don ya sha iska. Da yamma ya fi safiya jiƙa.

Juma'a, 14 ga Yuli

Na kira Cleon Baskett. Shekara ashirin ya yi yana zuba kankare a ƙarƙashin Baba, yanzu shi ma ya yi furfura amma bakinsa bai tsufa ba. Yana shigowa ya ce, "Autar Oga, wannan ɗakin Oga za ki sa a ciki ko kwaɗi za ki kiwata?"

Ya zagaya, ya ƙwanƙwasa nan, ya shafa can. Ni na zata wani inji zai fito da shi. Sai ya ciro leda fara da salatif daga aljihu. Ya yanka gida huɗu, ya manna a wurare huɗu a kan daɓen, ya like gefunan tsaf. Ya ce kwana uku kada in taɓa. In ruwa ya taru a saman leda, daga iska yake zuwa. In a ƙarƙashi ya taru, daga ƙasa yake hawowa. In kuma ya yi tafki a ƙarƙashi, to sai an fasa daɓen gaba ɗaya, kuma wannan ba aikin wata guda ba ne.

Na ce, "Yaya Cleon, shi ke nan aikin? Leda?" Ya ce, "Ubanki ne ya koya mini, je ki yi masa gardama."

Allah ya kiyaye. Ni da Baba ko kan yawan gishirin miya muna iya kwana biyu ba ma magana.

Lahadi, 16 ga Yuli

A coci matan ƙungiya sai sa mini albarka suke, wai 'yar kirki. Na yi ta murmushi kamar wadda aka ɗinke wa baki.

Abin da ba zan faɗa wa kowa ba sai wannan littafi: akwai wani lungu a zuciyata da ke son ledar nan ta cika da ruwa. In ta cika, ba laifina ba ne. Na yi iya yina, daɓe ne ya ƙi. Shekarata hamsin da takwas, na saba da shirun gidana, na saba da cin abinci a tsaye ba mai cewa ga yadda ake yi. Baba bai taɓa ganin abin da na yi ya ce madalla ba, ko sau ɗaya. Na rubuta, kuma ina jin kunya.

Litinin, 17 ga Yuli

Cleon ya zo da safe. Saman ledojin duk ɗigo-ɗigo. Ya ɓare, ƙarƙashi akwai laima, simintin ya yi duhu, amma babu tafki. Ya ce ba za a fasa ba. Na zauna a kan bokiti. Ban san ko daɗi na ji ko me ba.

Sai ya ɗaga kai ya ga tagogi a buɗe. Ya daɗe yana kallona. "Wa ya buɗe waɗannan?" Na ce ni, kullum da safe tun daga Mayu har sanyi ya shigo, haka Mama take yi. Ya dafe kai. Ya hau sama da kansa ya ɗebo shayi mai ƙanƙara daga firij, ya ajiye kofin a gabana ya ce in zuba ido. Kafin minti biyu bayan kofin ya jiƙe sharkaf.

"Kofin nan yoyo yake?" Na ce a'a. "To daɓenki shi ne kofin. Yana kwance a ƙasa da sanyinsa, ke kuma kullum kina gayyato masa iskar kogin garin nan mai zafi ta zo ta yi masa gumi. Shekara nawa kina shayar da shi, Auta?"

Ni ma na dafe kai. Don na tuna. Tun ina yarinya duk bazara faɗan gidanmu ke nan. Mama ta buɗe, Baba ya dawo daga aiki ya rufe yana ƙunƙuni, da safe mu sake buɗewa muna dariyarsa a bayan ido. Mu a ganinmu rigimarsa ce kawai ta son iko. Bai taɓa yi mana bayani ba, shi dai a rufe. Mu ma ba mu taɓa tambaya ba.

Talata, 18 ga Yuli

Na rufe tagogin. Ɗaya sai da na sa guduma.

Alhamis, 20 ga Yuli

Injin tsotse danshi da muka ajiye a ɗakin yana ta gurnani kwana biyu ke nan. Sau uku a rana nake zubar da bokitinsa, ruwa tas kamar na famfo, duk daga iskar ɗakin. Cleon kuma ya gano indararon kusurwar gabas yana zubar da ruwan rufi daidai gindin bango. Ya ƙara masa dogon bututu ya kai shi can wajen tumatirina. Aikin rabin awa. Warin ya fara ja da baya, ko kuma hancina ne ya gaji.

Asabar, 22 ga Yuli

Na je wajen Baba. Ya rame, rigar asibiti tana yawo a jikinsa, amma ya yi taku goma sha biyu da sandar ƙarfe yana zagin mai koya masa. Da na ji zagin na san ya warke.

Ban yi niyyar gaya masa zancen taga ba, Cleon ne ya riga ni ta waya. Ina shiga ya ce, "An ce kin rufe taga." Na ce eh. Na shirya tsaf don in sha gori. Sai ya juya yana kallon bango, ya ce uwarki tana son ƙamshin ciyawa da safe, shi ya sa ban taɓa buga musu ƙusa ba.

Can kuma ya ce, "Laimar da ke hawowa daga ƙasa kuma, laifina ne." Wai a shekarar da ya zuba daɓen, an ce masa ya shimfiɗa leda a kan tsakuwa kafin ya zuba kankare, ya ce sabon iyayi ne. Motar siminti ta riga ta iso, Mama na da cikina, yana sauri. Shekara arba'in yana koya wa mutane kada su yi haka, ashe a gidansa ya yi. Ya ce kada in gaya wa Cleon. Na ce Cleon ya sani tun ranar Litinin. Ya ce, "Ɗan banza, shi ya sa yake ta tambayar lafiyata."

Mun yi dariya har sai da tari ya kama shi. Na manta rabon da mu yi dariya tare.

Laraba, 26 ga Yuli

An gurje tsohon fentin da inji. Ƙura har cikin haƙorana. Cleon ya ce fentin nan shi ya ƙara lalata lamarin, fentin bango ne aka shafa a ƙasa, laima ta tura shi ya kumbura ya riƙe ruwa. Ban gaya masa ni na shafa shi ba, shekarar da na dawo gidan. Ina jin ya sani.

Juma'a, 28 ga Yuli

Shafi na farko na maganin hana laima a kan daɓen. Gwangwani biyu ake haɗawa a juya, ya yi kauri kamar zuma, kuma in an haɗa ba tsayawa, kafin awa guda ya daskare. Cleon na shafawa da baya da baya yana waƙar coci, ni ina riƙe masa fitila. Ya ce wannan shiga yake cikin ƙofofin simintin ya toshe, ledar da Oga bai sa a ƙasa ba ce muke sa masa a sama. Gobe shafi na biyu, da yashi mai laushi a kai don kada sanda ta zame.

Yaya Burl ya sake kira. Wai ya ji ina fenti, in tuna fenti ba ya maganin tsufa. Na ce masa na gode da wannan ilimi.

Talata, 1 ga Agusta

Ruwan sama kamar da bakin ƙwarya tun safe. Na sauka sau biyar na duba daɓen. Ba komai.

Juma'a, 4 ga Agusta

Cleon ya sake manna ledoji huɗu, wannan karon a kan sabon daɓe. Sai Litinin. Nas Tisdale Laraba. In an sami laima babu sauran lokacin gyara.

Na kasa zama. Na dafa wake da burodin masara da ya ishi mutum shida, ni kaɗai a gida.

Litinin, 7 ga Agusta

Ban jira Cleon ba. Ƙarfe bakwai na sauka da rigar barci na durƙusa. Na kama bakin salatif na fara ɓarewa. Sai na ji bakina yana motsi, ashe addu'a nake. Ban tsaya tambayar kaina wace iri ba.

Ta farko bushe. Ta biyu bushe. Ta uku, ta huɗu. Na shafa da tafin hannu, na kifa kumatuna a wurin kamar mahaukaciya. Bushe ƙayau, da ɗan sanyi.

Da Cleon ya zo ya tarar na ɓare duka ya ce, "To ni yanzu me na zo yi? A ba ni shayi in tafi." Na ba shi da soyayyar kaza.

Laraba, 9 ga Agusta

Nas Tisdale ta tsaya a tsakiyar ɗakin ta rufe ido ta ja numfashi sau uku. Ta duba ɗan agogon auna danshi da Cleon ya rataya, ta auna faɗin ƙofa, ta ce a cire ƙaramar darduma ta bakin banɗaki. Ta sa hannu. Na raka ta mota na dawo na kwanta a kujera, ban farka ba sai ƙarfe huɗu.

Lahadi, 13 ga Agusta

Kwanansa biyu a gida. Ranar Juma'a da muka turo keken ta ƙofar baya, bai kalli gado ba, bai kalli labulen da na ɗinka ba. Ya ce a cire masa takalmi. Ya sa tafin ƙafarsa a ƙasa ya goga gaba da baya, ya daɗe. Sai ya ce kusurwar arewa ta ɗan fi kauri, Cleon har yanzu hannun hagunsa nauyi gare shi. Shi ke nan abin da ya ce.

Jiya kuma na sauko da abincin rana na tarar ya yanki ledar burodi ya manna a gefen gadonsa da filastar ciwo. Wai shi bai yarda da gwajin da ba a gabansa aka yi ba. Mun yi faɗa a kan haka, mun yi faɗa a kan gishiri, mun yi faɗa a kan tashar rediyo.

Yau bayan coci na sauko da keken ɗinkina da kujerata. Sama zafi ya yi yawa a wannan watan, ƙasa ya fi sanyi, dalilin ke nan. Kuma dole wani ya riƙa zubar da bokitin injin.

Da safe na yanko ciyawa cikin hannu daga bayan gida na zuba a kwano na ajiye a bakin taga, tagar kuma a rufe. Ya gani.  Ledarsa sai Talata za a ɓare, ya ce in zo da wuri, kuma kada in taɓa sai yana kallo.