Ƙwayar da Ta Sauya Sheƙa

Zuwa ga ƙanena Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa kana lafiya kai da iyali, Ya ƙara muku rufin asiri a inda kuke. Mu nan sai godiya. Yaya Babba ya gama rufin ɗakinsa, 'yan biyuna kuma sun fara tafiya, ba abin da ke tsira a kan tebur.

Ka tambaye ni hawan jinin Inna, to ga labari. An fara sabon tsarin lafiyar nan da ake ba tsofaffi magani kyauta a asibitin unguwa. Mun sha wuya da farko: layi har bakin titi, yau babu likita, gobe na'ura ta ƙi karanta kati. Da muka samu shiga, sai aka miƙo mana ƙwaya rawaya maimakon 'yar farar da Inna ta saba sha. Kawu, da yake ba ya rabuwa da rediyo, ya ce wai wani kamfani ne ya yi ta zarya wurin 'yan majalisa har aka tsara cewa nasa kaɗai za a saya. Abin ya ba ni haushi, a ce ciwon uwarmu ya zama abin ciniki a ofishin da ba ta taɓa gani ba.

Inna ta karɓa ta yi godiya. Sai ga ciwon kai, ga jiri, har wata rana na gan ta tana dafa bango. Ina neman allura a ɗakinta na buɗe gwangwanin maɓallai, sai ga ƙwayoyin jibge a ciki, ko ɗaya ba ta sha ba. Da na tambaye ta, cewa ta yi ita ba ta yarda da abin da ya sauya sheƙa ba, mutum ne ko magani. Jiya fari, yau rawaya, kamar hular ɗan majalisarmu.

Nas ɗin da ke auna ta ba ta yi faɗa ba, dariya ta yi. Ta ce maganin ɗaya ne, riga kawai aka canja masa, ta roƙi Inna ta ba shi wa'adi kamar sabon zaɓaɓɓe, in bai yi aiki ba a kore shi. Wannan magana ta yi wa Inna daɗi, ta fara shan ƙwayar. Gani ya kori ji, da muka koma awo jinin ya sauka, jirin ya tafi, har ta koma kan keken ɗinkinta. Don haka ka kwantar da hankalinka, ba sai ka aiko da farar ba.

Ka gaishe min da maiɗakinka da takwarar Inna, ka shafa min kan jariri. Kawu da Yaya Babba suna gaishe ka. Inna ta ce in faɗa maka ta yafe wa ƙwayar, don ita ko da ta sauya sheƙa ta cika alkawari. Ni dai kullum sai na leƙa gwangwanin nan, kuma maɓallai kawai nake tararwa.

Taka har kullum,
Yayarka