Boris ɗin da ke kan farantinka

Ovide,

Ban tashe ka ba, na wuce asibiti. Ƙanena Delphin har yanzu bai buɗe ido ba.

Matarsa ta faɗa mini yadda aka yi jiya. Boris ɗin tayar tirelarsu ta kwana, ƙarfen nan da taya ke juyawa a kansa, shi ne ya ƙone a hanya. Delphin ya ɗauko boris ɗin safaya, amma ya ƙi shiga, don tun da aka canza birki girman ya canza. Ya ce mata, "Mil goma ya rage, za mu lallaɓa." A kan gada tayar ta fita.

Rana ɗaya kuka canza birkin tirelarsu da tamu, kai da shi, kuna ta cika baki. Na buɗe akwatin tamu tirelar, tsofaffin boris ɗin safaya ne a ciki. Ga su nan a kan farantinka, kada ka ce ba ka gani ba.

Ka sayo sababbi daidai da sabon birkin, har da giris. Yau, ba gobe ba. An ce guguwa za ta iso ranar Alhamis, kuma da tirelar nan za mu gudu da yara.

Kada in ji "za mu lallaɓa" a bakinka, Ovide. Ba zan iya jinyar mutum biyu ba.

Eulalie