Shagona, Sunanta

Litinin, 3 ga Maris

Yau lauya ya sanar da ni cewa shekara goma sha huɗu ke nan ina aikin ƙwadago a shagona. A takarda, shagon kafintan na Malama ne, uwar 'ya'yana, wadda muka rabu wata biyu da suka wuce. Ni na jawo. Ranar rajista aka miƙo fom mai shafi huɗu, ni kuwa daga aji huɗu na tsere. Kunyar ma'aikacin ta sa na ce idona ke ciwo, na tura mata biro. Ta tambaya sunan wa za ta sa, na ce ta sa nata, ai duk ɗaya ne. To, ga shi an zama biyu.

Laraba, 5 ga Maris

Harajin shekara uku ba a biya ba. Takardun suna zuwa, ni kuma ina ninke su ina cusawa ƙarƙashin ƙafar benci don ya daina rawa. Ya kuwa daina. Da yake sunanta ne a jiki, ita ake bi. Lauya ya ce ana iya zara daga albashinta na koyarwa, wanda da shi ake biyan hayar ɗakin da yaran ke kwana.

Asabar, 8 ga Maris

Dogo mai walda ya ce in kwashe injinana in buɗe wani wuri, in bar ta da takardunta, tunda ita ce mai boko. Na yi dariya. Na kuma yi tunanin abin har tsawon shan shayi ɗaya, ba zan yi wa littafina ƙarya ba.

Lahadi, 9 ga Maris

A'a. Ni na ci, ni zan biya.

Talata, 18 ga Maris

Na sayar da babban injin yankan katako. Wurinsa ya yi fayau, kamar an cire wa shagon haƙori. Na koma zarto na hannu, kafaɗa tana zagina.

Malama ta kira, wai ta ji labari. Ta ce da na bari an raba bashin biyu.

Na ce, "Malama, kin riƙe sunan shekara goma sha huɗu kyauta. Bar mini wannan."

Sai ta ce in shafa wa kafaɗar mai. Ban gaya mata zancen kafaɗa ba.

Juma'a, 28 ga Maris

An biya. Rasit yana aljihuna, benci ya koma rawarsa. Saura mayar da shago sunana. Dogo ya ce zai cike mini fom, na ce idona ya warke.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Awa biyu a ofishin haraji. Na ɓata fom biyu, ma'aikaciyar ta ce, "Baba, a hankali, ba gudu ake ba." Na uku ya fita tsaf, sunana a layin mai shago, a karkace amma nawa ne.

A ƙasa akwai gurbin wanda za a nema idan wani abu ya same ni. Sai da na gama na lura sunan Malama na rubuta, har da lambarta. Biro ne, ba ya goguwa.

Akwai sauran fom a kan teburin, kyauta. Layi dai ya yi tsawo.