Rabin Sallamar Tanko

Gwaggo Nana, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Ni matar aure ce a cikin birnin Zariya, ba zan faɗi unguwa ba. Ɗana da muke kira Tanko, don bayan mata uku ya zo, bana shekarunsa sha biyar, kuma ba ya magana. Ba kurma ba ne, daga zaure yana jin motsin cokali, amma ki kira sunansa har muryarki ta dishe ba zai dube ki ba. An ce iska ce, an ce ɗan ruwa ne, mun sha rubutu mun yi hayaƙi. Daga baya wani likita ya ce sunan abin otizim, halitta ce, ba ta da allura, sai koyarwa.

Da yana ƙarami ɗan kowa ne a unguwa. Gidan maƙwabtanmu akwai famfo, tun yana tatata yake shiga ya zauna yana kallon ruwa na ɗiga, matan gidan su ba shi ƙosai. Shi har yau gidan nan gidan famfo ne. Bai san gashin baki ya fito masa ba, bai san "ba a shiga" da aka rubuta a zaure yanzu da shi ake ba. Bara da damina ya faɗa gidan babu sallama, ya tarar da amaryar da aka kawo tana tsakar gida da ɗaurin ƙirji. Ta yi kururuwa, samari suka jawo shi waje suka yi masa dukan ɓarawo. Ko gudu bai yi ba, kunnuwansa kawai ya toshe.

Bayan haka ne aka ba ni labarin Malama Mariyamu, wata Kirista a Wusasa, tsohuwar malamar makaranta da ta yi kwas kan irin yaran nan, ta buɗe 'yar makarantar kuɗi a gidanta. Na sayar da kwanukan aurena na biya zango ɗaya, babansa ke kai shi a keke ta Ƙofar Kuyambana. Abin da ta fara koya masa shi ne tsayawa a bakin ƙofa. Gwaggo, wata rana da la'asar ina ɗinkin riga, sai na ga ƙafafunsa ta ƙarƙashin labule, ya tsaya bai shigo ba. Sai ya ce sala. Iyakarta ke nan, sala. Ban taɓa jin kalma a bakinsa ba. Na amsa masa har wa barakatuhu, na kifa kai a kan rigar mutane na yi ta kuka.

Zango ya ƙare, kwanuka sun ƙare. Maigida masinja ne, albashinsa ko masara ba ya kai mu ƙarshen wata, ni kuma ɗinkin hannu sai ido ya mutu kafin a gama riga ɗaya. Tun da Tanko ya zauna a gida sala ɗin ma ta fara ɓacewa. Wan mijina Alhaji Jalo, shi ne babban gida, ya ce bayan Babbar Sallah zai kai shi wurin wani malami a ƙauye mai sa mari, wai ya fi masa makarantar Kirista. Ban ga laifinsa duka ba, shi ake kai wa ƙara. Amma yaron da ko wuyan riga ya matse shi sai ya yi ta buga kai da bango, yaya zai yi da ƙarfe a ƙafa?

Ina da ɗaki da na gada a gidan mahaifinmu. In na sayar, 'yan'uwana sun ce babu ni babu su, kuma kuɗin bai wuce na shekara biyu a makarantar ba. In sayar, Gwaggo?

Maman Tanko, Birnin Zariya

Maman Tanko, na karanta wasiƙarki har sau biyu, Allah ya saka miki da alheri. Kada ki sayar da ɗakin. Shekara biyu kamar gobe ne, ranar da kuɗin suka ƙare ba ɗaki, ba makaranta, ba 'yan'uwa, kuma Tanko zai buƙaci wurin kwana bayan ranku. Ki sa haya a ɗakin, ɗaliban jami'a da ke Kongo kullum neman ɗaki suke, ko 'yan'uwanki su karɓa su riƙa biyanki.

Ki nemi izinin maigida ki je Wusasa da ƙafarki. Ki faɗa wa Malama Mariyamu gaskiya, ki roƙi kwana biyu a mako gwargwadon ƙarfinku, ki zauna ki ga yadda take yi, ki ci gaba a gida. Da hanau gara mannau.

Shi kuwa Alhaji, tsoronsa ba na banza ba ne, mutuncin gida yake karewa, kuma dukan gaba zai iya zama ajali. Sai dai mari ba ya koyar da komai. Kada ki yi jayayya da shi. Maigida ya samu limaminku su same shi tare, a tuna masa cewa irin Tanko an ɗauke musu alƙalami, kuma abin da ya koyo a Wusasa sallama ce, ba wani abu ba. In akwai masu fitar da zakka a dangi, ga inda za ta. Mai unguwa kuma ya sanar da gidaje halin yaron, wanda ya gan shi ya riƙo hannunsa ya kawo miki.

A ƙarshe ki roƙi liman ya faɗa wa jama'a abin da suka riga suka sani, yin sallama sunna ce, amsawa kuwa wajibi. Tanko ya kawo rabin tasa da ƙyar, saura wajibin da ke kan unguwa. Allah ya buɗe bakinsa ya cika miki ragowar, ya sa kina raye ki amsa.

Gwaggo Nana