Goyon Baba a Ɗawafi

Jarwal, Makka, Muharram 1368

Zuwa ga Yaya Rabi,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Inna, yaya yara? Ni lafiya lau, sai ɗan ciwon kafaɗa, don aikina yanzu ɗaukar gajiyayyun alhazai ne a kan gadon itace, ana zagayawa da su ɗawafi. In kin sami mai tahowa, ki aiko mini da man kaɗanya.

Da muna tahowa ni da Baba, a Sudan wani direba ɗan Katolika ya ɗauke mu. A motarsa ya rataya hoton wani waliyyinsu, Kiristofa, ya ce shi ke kula da matafiya. Wai aikinsa goya mutane ya haye da su kogi, har ya goya wani yaro da ya yi ta ƙara nauyi kamar duniya ya ɗauko. Baba ya hana ni sauraro, ya ce Allah kaɗai ke tsare matafiyi. Gaskiyarsa, amma labarin ya ƙi barina.

Bayan Arfa ƙafafun Baba suka gaza. Ya ce ba zai hau gado kamar gawa ba, sai na goya shi muka yi ɗawafi. Yaya, shi bai ƙara nauyi ba. Ba don addu'arsa a kunnena ba, da na ce ba kowa a bayana.

Ki zaunar da Inna kafin a karanta mata sauran. Baba ya cika hajjinsa, an yi masa salla a Harami. Allah ya jiƙansa. Sai Inna ta shiga takaba.

Ƙaninki,
Mukhtaru