Ruwan Rijiyar Samudawa

Daren Lahadi, Disamba 2016. Shumaisi, Riyad.

Mun dawo daga Mada'in Salih. Leɓena a kumbure yake, ko shayi na kasa sha.

Ni dai direba ne, kafil, wato maigidan da ya ɗauko ni aiki, ya ce in kai 'yan'uwansa, na kai su. Suka yi ta ɗaukar hoto a bakin kaburburan da aka sassaƙa cikin duwatsu, suna shafa rubutun da ba mai iya karantawa a cikinmu, suna dariya. Tun ina yaro malam ya gaya mana a can aka halaka Samudawa, ba a shan ruwan wurin.

Sai ga Fahad, ƙanin kafil, ya ɗebo ruwa a wata tsohuwar rijiya, wai in dafa musu gahawa. Na ce, "Ya Fahad, haram." Ya ce, "Yalla! Kai direba ne ko mufti?" Na tuntsurar da jarkar a yashi.

Baƙar igiyar rawaninsa ya ciro, ya zabga mini a fuska har sau biyu. Jini ya cika mini baki. Ban san lokacin da na ɗauko ƙarfen kwance taya ba. Wallahi har na ga inda zan sauke masa, nan bayan kunne. Sai na ajiye.

Sani ɗan Maraɗi, abokin ɗakina, yana ta cewa, "Allah ya ba ka ladan haƙuri, ɗan'uwa." Ruwan dai don tsoron Allah na zubar. Ƙarfen kuwa, ni na san iƙamata, katin izinin zamana a ƙasar, na tuna.